Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: A Ba 'Yan Agajinmu Kujera A Kwamitin Gaggawa Na Ƙaramar Hukuma



Kowace shekara, tun kafin damina ta faɗi, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da bayanin yadda ruwan bana zai kasance, ita kuma hukumar kula da koguna, NIHSA, ta biyo baya da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. Daga nan sai takardu su fara yawo tsakanin ofisoshi, a kira taro, a zauna da su Bale da shugabannin ƙungiyoyin masu gidaje, a yi jawabi da Turanci da Yarabanci, a ɗauki hoto, a watse. To, wai shin magidanta nawa ne a Sabo ko Agege ko Mile 12 ko Kara suka taɓa jin abin da aka yanke a irin wannan zama? Limamai nawa aka taɓa kai wa takarda aka ce su karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a? Kwamandojin 'yan agajinmu nawa aka taɓa ce wa ga kujerarku?

Amma bari ruwa ya ci unguwa, ko wuta ta tashi a kasuwa, nan take za ku ga an san gidan Sarkin Hausawa. A lokacin ne za a aiko a ce ya turo yara su zo su ɗauki gawawwakin mutanensa, bayan mako biyu kuma a sake kiransa ya zo ya sa hannu a kan buhunan shinkafa da tabarmi da bokitai, ana ɗaukar hoto kamar an yi mana wata babbar alfarma. Wannan shi ake kira ihu bayan hari, kuma mun gaji da shi. Matsayin wannan ƙungiya a fili yake: haƙƙinmu ne a zauna da mu tun ranar da ake shirin tarbar bala'i, kuma 'yan agajin da muke da su a masallatanmu da kasuwanninmu su ne ya kamata su riƙe mana wannan kujera. Shinkafar bayan mutuwa ba ta taɓa dawo da wanda ruwa ya tafi da shi ba.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Kada wani ya ɗauka roƙo muke yi. An kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a shekarar 1999. Tsarin da ƙasar nan ta amince da shi hawa uku ne: NEMA a tarayya, hukumar agajin gaggawa ta kowace jiha, kamar LASEMA a Legas, sannan kwamitin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 da muke da su. Tsarin tunkarar bala'o'i na ƙasa da NEMA ta fitar a 2010 ya ba ƙungiyoyin unguwa da na addini da masu aikin sa-kai matsayi a cikin wannan aiki, domin kowa ya san cewa kafin motar hukuma ta iso maƙwabci ne yake fara kai ɗauki. Shekara da shekaru NEMA tana ta kira ga jihohi su kafa waɗannan kwamitoci na ƙananan hukumomi, su kuma ba su kuɗin aiki, wanda wannan kiran kaɗai ya isa ya nuna mana cewa a wurare da yawa babu su, inda kuma suke galibi suna ne kawai a takarda.

Sannan ga kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 14 ya ɗora tsaron jama'a da jin daɗinsu a matsayin babban aikin gwamnati. Sashe na 15 ya wajabta wa gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a kowane yanki na tarayya. Sashe na 41 ya ba mu ikon zama duk inda muka ga dama, sashe na 42 kuma ya haramta a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa. Babu inda aka ce sai mai takardar shaidar asalin jiha za a gargaɗa idan ruwa yana tafe.

Abin da ya fi dacewa mu lura da shi shi ne jadawali na huɗu na kundin, inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, da maƙabartu, da magudanan ruwa, da kwashe shara, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa. Jama'a, ku sake duba wannan jeri. Ina Bahaushen Kurmi yake neman abincinsa idan ba kasuwa da tasha da mayanka ba? Ashe kenan babu wanda rayuwarsa ta fi ɗamfaruwa da ƙaramar hukuma kamar mu. Kullum garin Allah Ya waye muna yankar tikiti, muna biyan kuɗin rumfa, da kuɗin shara, da kuɗin sauke kaya, da kuɗin kowace saniya da ta sauko daga tirela. A watan Oktoban 2023, da gwamnatin Legas ta ga ƙazanta ta yi yawa, ba ta sha wahalar gano hanyar kasuwar Mile 12 ba, ta zo ta garƙame ta har sai da aka gyara. Ba ma jayayya da tsafta. Abin da muke cewa shi ne, hukumar da ta san hanyar kasuwa ranar karɓar kuɗi da ranar rufewa, lallai ta san ta ranar gargaɗi da ranar horarwa.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk yadda aka yi da aiwatar da wannan hukunci, kukan da ciyamomi suka saba yi mana na cewa gwamna ya riƙe kuɗi ya rage ƙarfi, kuma abin da muke nema ba ya cin kuɗin da ake kashewa a bikin rantsar da kansiloli.

GANI GA WANE

Wanda yake ganin wannan magana surutu ne, to ya tuna da ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, lokacin da ma'ajiyar makamai ta barikin soja na Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka riƙa tashi. Sama da mutum 1,000 ne suka rasu. Abin da ya kamata kowane magidanci ya riƙe shi ne, mafi yawansu ba bam ne ya kashe su ba. Firgita ce ta kore su, suka yi ta gudu ba su san inda za su ba, suka afka cikin kwarin ruwan Oke-Afa da ciyayi suka rufe, mata da yara suka nutse a kan juna. Da a ce kowace unguwa tana da mutum goma da jama'a suka sani, suka kuma yarda da su, masu cewa ku bi nan, kada ku bi can, Allah kaɗai Ya san rayukan da za a tsirar.

Mazauna Badun ba su manta da kogin Ogunpa ba, wanda ya yi mummunar ɓarna a ranar 31 ga Agustan 1980, sannan ambaliya ta sake afka wa garin a ranar 26 ga Agustan 2011, ta halaka sama da mutum 100 a dare ɗaya. Shekara 31 tsakani, amma abubuwan da aka yi kuka da su ba su sauya ba: gini a bakin rafi da cushewar magudanai da shara.

Mu kuma da ke zaune a bakin kogin Ogun, tun daga Kara da Isheri har zuwa Agiliti da Mile 12 da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, namu ruwan ma yana da adireshi. Daga madatsar Oyan da ke kusa da Abekuta yake tasowa. Idan madatsar ta cika wajen watan Satumba zuwa Oktoba, dole masu kula da ita su buɗe ƙofofi don kada ta ɓalle, ruwan ya gangaro ta kogin Ogun ya nufi tafkin Legas, mu kuma muna kan hanyarsa. A watan Oktoban 2010 ya kori iyalai masu yawa daga gidajensu har sai da aka kwashe wasu zuwa sansanin Agbowa. Ya sake shiga Kara da Isheri a 2019 da 2023. Wannan ruwa ba ɓarawo ba ne da zai zo a ɓoye. Akan yi sanarwa a jaridu da gidajen rediyo kafin a sake shi. Matsalar ita ce sanarwar takan tsaya a hannun masu karanta jaridar Turanci, ba ta isa kunnen yaron da ke kwana a gindin turken shanu a Kara ba, ba ta isa kunnen matar da ke cikin gida a Agiliti mijinta yana kasuwa tun asuba ba. Tsakanin takardar sanarwa da kunnen talaka akwai wani rami, kuma babu mai cike shi sai ɗan agajin da ke jin yaren mutanen, ya kuma san ƙofar kowa.

A ƙasa baki ɗaya, ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da muhallinsu, ta 2022 kuma ta kashe sama da 600. A duka shekarun biyu ruwa ya datse hanya a wajen Lakwaja, direbobinmu suka yi kwanaki a kan titi, kayan gwari suka ruɓe a cikin mota. Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Mokwa a jihar Neja, garin da duk mai saukowa Kurmi ta Jebba ya sani. A daren 29 ga Mayun 2025 ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa mutane suna barci. Cikin 'yan kwanaki aka ƙirga gawa sama da 150, wasu da dama kuma aka neme su aka rasa, ciki har da almajirai. Abin da ya ƙara wa wannan masifa ɗaci shi ne wahalar da aka sha wajen tantance ko mutum nawa ne suka ɓace. Wanda ba a ƙirga shi yana raye ba, ƙirga shi bayan ya ɓace aiki ne ja. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

MUNA DA MUTANEN, HORO DA IZINI SUKA RAGE

Wani abin takaici shi ne, abin da hukuma ke ta neman ta ƙirƙira da kuɗi, mu muna da shi a hannu kyauta. Babu wani zango ko Sabo a Kurmi da za ka shiga ba ka tarar da 'yan agaji ba: na Jama'atu Nasril Islam, da na Fityanul Islam, da na Izala, da sauransu. Matasa ne masu kaki, masu kwamanda, masu fareti, waɗanda suka saba da bin umarni, ba kuma albashi suke jira ba. Su ne ke tsara sahu ranar Idi, su ne ke tare hanya ranar Juma'a, su ne ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti, su ne ke ɗaukar makara. Bayan su ga masu gadi da ke farke duk dare a kusan kowane layi na Ikko, ga 'yan ga-ruwa da suka san kowace rijiya da kowane famfo, ga 'yan dako da suka san kowane lungu na kasuwa, ga masunta da masu kwale-kwale da suka iya ruwa. Kowane masallaci kuma yana da lasifikar da ake jinta a unguwa sau biyar a rana. Wace ƙaramar hukuma ce take da ma'aikata irin waɗannan?

Amma kaki da kyakkyawar niyya ba su isa ba. Ɗan agajin da ba a koya masa ba, zai watsa ruwa a kan wutar fetur ta ƙara bazuwa, ko a kan wutar lantarki ta kama shi. Zai ɗago wanda gini ya danne ta hanyar da za ta karya masa baya. Zai faɗa ruwa don ceton wanda ke nutsewa, a wayi gari ana neman gawa biyu. Mutanen Anacha sun ga yadda wutar mai take a ranar 16 ga Oktoban 2019, lokacin da tankar fetur ta faɗi, man ya bi lambatu, wuta ta bi shi har cikin kasuwar Ochanja. Irin wannan ilimi yana hannun 'yan kwana-kwana da ƙungiyar Red Cross da hukumar agajin jiha, kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon haɗa mu da su.

Sannan akwai batun izini. Duk wanda ya zauna a Kurmi ya san abin da zai iya faruwa idan aka ga samarin Hausawa ashirin da kaki suna gudu cikin dare a unguwar da ba a san da zamansu a hukumance ba. Wanda ya fito ceto zai iya kwana a caji ofis, ko ma abin ya rikiɗe ya zama rigimar ƙabilanci. Katin shaida mai hatimin ƙaramar hukuma, da gabatar da su ga DPO da Bale tun ana zaune lafiya, shi ne maganin wannan.

AMSA GA MASU JA DA BAYA

Mun san za a yi ta kawo uzuri, daga waje da kuma daga cikin gida, don haka bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ne jami'an da ke cewa ai ku baƙi ne, yau kuna nan gobe kun tafi, kwamiti kuwa na 'yan gari ne. Sai mu tambaye su: Sabon Badun da aka kafa tun 1916, shekara nawa ake so ta ƙara kafin ta daina zama baƙuwa? A Agege akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a nan aka yanke musu cibiya. Ko da ma ɗan cirani ne da ya sauka jiya, ruwa ba ya tambayar takardar asali, wuta ba ta tsayawa a iyakar rumfar Bahaushe ta ce ta gama. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba ta zaɓi ƙabila ba. Jami'in da ya bar unguwa guda a cikin duhu, to mutanensa ma ya jefa cikin haɗari.

Na biyu su ne 'yan uwanmu masu cewa komai ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta babu makawa. Mun yi imani da ƙaddara, amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali shi ne naɗe hannu ba. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka sanar da shi fari yana tafe, tanadin hatsi ya yi na shekara bakwai, kuma tare da hukumar ƙasar da yake baƙo a cikinta ya yi aikin. Mai cewa ƙaddara ce, me ya sa yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu idan zai tafi gida?

Na uku su ne masu tsoron ƙidaya, masu cewa duk ranar da hukuma ta san yawanmu da inda muke kwana, to rusau ne zai biyo baya, ko ƙarin haraji. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin ruwa ba ya tsami banza. Mun ga yadda ake tashin mutane da sunan gyaran gari ba tare da an ba su wani matsuguni ba, kuma abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairun 2021 bai bar zukata ba. Amma ɓuya ba ta taɓa hana katafila zuwa ba, sai dai ta hana a san da kai ranar biyan diyya. Hanyar da muke ba da shawara ita ce, littafin sunaye ya zauna a hannun liman da kwamitin unguwa, ita kuwa hukuma a ba ta adadi da taswira: gida kaza, mutum kaza, tsofaffi kaza, makarantar allo kaza. Kuma wanda yake zaune a cikin kwamiti shi ne zai fara jin ƙishin-ƙishin na rusau, har ya samu bakin magana tun kafin a zartar.

Na huɗu, kuma waɗanda suka fi ba mu kunya, su ne wasu masu riƙe da sarauta ko shugabancin kasuwa da suka fi son a bar abin yadda yake, saboda rabon kayan agaji ta hannunsu yake bi. Buhu ɗari ya shigo, talatin su isa ga waɗanda abin ya shafa, saura a gan su a kasuwa. Irin waɗannan ba sa son kwamiti mai littafi da lissafi, ba sa son matasa masu ilimi su san hanyar sakatariya. Muna girmama sarakunanmu, kuma da yawansu suna tsaye tsakani da Allah, amma wanda ya mai da masifar jama'arsa hanyar cin abinci, to ya sani cewa wannan takarda ba za ta rufa masa asiri ba.

ABIN DA MUKE NEMA DAGA ƘARAMAR HUKUMA

1. A kafa kwamitin gaggawa inda babu shi, a farfaɗo da shi inda ya mutu, a kuma ba al'ummarmu kujera aƙalla biyu, ɗaya ta kwamandan 'yan agaji, ɗaya ta mace. Mu ne za mu zaɓo su, ba ɗan siyasa ne zai naɗa mana yaronsa ba.

2. Duk wata sanarwa ta ambaliya ko sakin ruwan madatsa ko ɓarkewar annoba a fassara ta da Hausa, a kai ta ga limamai da shugabannin kasuwa a ranar da ta fito.

3. A shirya horo aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya kafin damina, ɗaya kafin hunturu lokacin da gobara ke yawaita, tare da 'yan kwana-kwana da Red Cross da ma'aikatan lafiya, a kuma ba waɗanda suka kammala katin shaida.

4. A ware wurin taruwa a kan tudu ga kowace unguwa, makaranta ko fili, a sanar da kowa, a kuma ware inda za a kora dabbobi idan ruwa ya shiga kara, domin mai shanu ba zai gudu ya bar dukiyarsa ba sai ya san inda zai kai ta.

5. A yashe manyan magudanai kafin watan Afrilu, a kuma buɗe hanyar da motar kashe gobara za ta iya ratsa kasuwa.

6. A ba da kayan aiki na farko: tukwanen kashe gobara, rigunan hana nutsewa, igiyoyi, tocila, usur, akwatin taimakon farko da maganin tsabtace ruwa, a rubuta su a littafi, a ajiye a masallaci ko ofishin kasuwa.

7. A yi alkawari a rubuce cewa bayanan da muka bayar don ceton rai ba za a yi amfani da su wajen rusau ko ƙarin haraji ba.

8. Idan an zo rabon kayan agaji, a liƙa sunaye da adadin kaya a bangon masallaci da na sakatariya kowa ya gani.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba za mu zauna jiran ciyaman kafin mu fara ba. Muna kira ga ƙungiyoyin agaji na kowace unguwa su zauna wuri ɗaya su fitar da kwamanda guda na ranar gaggawa. Saɓanin Izala da ɗariƙa a bar shi a zauren karatu, domin ranar da ruwa ya shigo babu mai tambayar wanda ya miƙo masa igiya ko ƙabalu yake yi ko sadalu. Kada kuma a bari wani ɗan takara ya mai da 'yan agaji 'yan bangar siyasa, ko a ba su sanda da adda a ce su ne 'yan sintiri. Aikinsu ceto ne, kuma ceton kowa: Bayarabe da Ibo da Bahaushe, Musulmi da Kirista. Ranar da ɗan agajinmu ya fito da tsohuwar Bayarabiya daga cikin ruwa a bayansa, ya yi wa al'ummarmu abin da takardar koke ɗari ba za ta yi ba.

A Legas da Ogun, ƙungiyoyin raya unguwa da ake kira CDA su ne ƙofar da hukuma ke bi ta isa ga jama'a. Kowane magidanci, ko da ɗan haya ne, ya shiga ta layinsu, ya biya kuɗin wata, ya halarci taro ko da rabin maganar yake ji. Kujerar da ba ka zauna a kai ba, wani ne zai yi magana da sunanka.

Iyayenmu mata, wannan magana ta fi shafarku. Da rana tsaka, lokacin da tukunyar gas ko risho ke tayar da wuta, ku ne a gida da yara, maza suna kasuwa. Malaman Islamiyya su ware rana a koya wa mata yadda ake kashe wutar mai da jiƙaƙƙen bargo ko yashi, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai amai da gudawa, magidanta kuma su ba da izini tun yanzu cewa idan an yi shelar fita, a fita, ba sai an jira maigida ya dawo ba. Malaman tsangaya su rubuta sunan kowane almajiri da garinsu da lambar waliyyinsa, su ajiye kwafi a wajen liman. Masu masauki su san adadin 'yan ciranin da ke kwana a wurinsu.

Kowane gida ya haɗa takardunsa masu muhimmanci, da katin ɗan ƙasa da takardun makarantar yara da rasit na haya, a ƙulle a leda a rataye a sama. A daina ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana, a daina zuba wa janareta mai yana aiki, a daina juye shara a kwata idan an ga hadari ya haɗu. Mazauna Legas su haddace lambobin gaggawa na kyauta, 112 da 767, su koya wa yaransu.

Nan da sati biyu, muna son kowane reshe ya rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarsa ɗauke da waɗannan buƙatu takwas, da sa hannun Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da kwamandojin agaji, a kai kwafi ga kansila da DPO da hukumar agajin jiha, a tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a dawo da shi. Idan wata guda ya wuce ba amsa, a koma da wakilai. Idan aka sake yin shiru, a kawo mana, za mu buga sunan ƙaramar hukumar a wannan shafi, kuma za mu tuna da ita ranar da aka zo neman ƙuri'unmu. Wanda kuma ya karɓe mu hannu biyu, za mu yaba masa a nan a gaban kowa.

Allah Ya kiyaye mu da maƙwabtanmu daga ruwa da wuta da annoba, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.